Harshuf da furen magariba: wanne ya dace da farfajiyar Makka, wanne ya dace da gonar Ɗa'ifa?

Wata Hajiya da ke zaune a Makka, wajen Shari' Mansur, ta aiko da tambaya. Jikarta da ke karatu a ƙasar waje ta kawo mata tsarabar iri ƙunshi biyu, ɗaya na harshuf, wato kayan lambun nan da Turawa ke kira atichok, ɗaya na furen da Larabawa ke kira zahratur rabi'il masa'iyya. Tana da 'yar farfajiya a gidanta, ɗanta kuma ya kama hayar wata ƙaramar gona a wajen Ɗa'ifa. Tana son ta san wanne ya fi sauƙin reno, wanne ya fi amfani, a ina ya kamata a shuka kowannensu, sannan ko gaskiya ne abin da take ji cewa man wannan furen maganin mata ne.

Hajiya, ranki ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya kuma yi wa wannan jika albarka. Na yi shekaru ina aikin renon tsirrai a mashtal, wato gidan reno da sayar da tsirrai, da farko a Jidda, daga baya a Ɗa'ifa, kuma duka tsirran nan biyu sun bi ta hannuna. Ɗaya ya ba ni kunya a gaban mutane, ɗayan kuma ya sa ni durƙuson tono har shekara biyu. Amsar a taƙaice ita ce ki aika wa ɗanki da irin harshuf ya shuka a Ɗa'ifa, domin a Makka ba abin da zai ba ki sai ganye. Shi kuwa furen, wanda zan riƙa kira furen magariba saboda lokacin da yake buɗewa, yana iya zama a farfajiyarki, amma da sharaɗin da zan zo kansa, domin sunan guda ɗaya ne, tsirran da ke amsa shi kuwa sun haura ɗari.

Bari in fara da harshuf, tunda shi ne mai dogon bayani. Asalinsa daga ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne, kuma har yau Masar da Italiya da Sifaniya ne ke kan gaba wajen nomansa. Sunan da Turawa ke kiransa da shi, atichok, daga kalmar Larabci al-kharshuf ya fito, ya ratsa ta Andalus ya shiga harsunansu, mutanen Sham kuma suna ce masa ardi shauki. Danginsa ɗaya da latas, amma a kamanni ƙaya ce da manoma suka hore tun zamanin da, suka yi ta zaɓen mai kaurin kai da ƙarancin tsini har ta zama abinci. Abin da ake ci a jikinsa tohon fure ne wanda bai riga ya buɗe ba, wato dunƙulen nan mai ɓawo-ɓawo da ke fitowa a ƙarshen kara. Wannan shi ne abin da ya kamata ki riƙe, domin duk wahalar da za a sha a kansa ana shan ta ne don ya fitar da toho, kuma harshuf ba ya fitar da toho sai ya ɗanɗana sanyi.

Sanyin da nake nufi yana da ma'auni. Tsiron yana buƙatar ya kwana a yanayin da bai wuce digiri 10 ba, ko kusa da haka, na tsawon aƙalla kwana 10 zuwa mako biyu, wasu nau'o'in ma fiye da haka, kafin ya daina tara ganye ya fara tura kara. Bayan haka kuma yana son rana mai sauƙi, wadda ba ta wuce digiri 24 sosai ba, domin tohon ya girma a hankali ya yi tsoka. To, Makka a kwari take, tsayinta daga teku bai kai mita 300 ba, kuma ko a tsakiyar Janairu dare yakan tsaya kusa da digiri 18, rana kuma ta doshi 30. Ɗa'ifa kuwa, duk da cewa tazarar ta hanyar dutsen Hada ba ta kai kilomita 100 ba, tana bisa dutse fiye da mita 1,500, Shafa ma, da ke kusa da ita, ta haura 2,000. A can daren Janairu yana sauka ƙasa da digiri 10, musamman a kwanakin Marba'aniyya, wato kwana arba'in na tsananin sanyi, da ke farawa a makon farko na Disamba. Saboda haka tafiyar sa'a guda ko ɗaya da rabi a mota ita ce ta raba inda harshuf ke haihuwa da inda yake zama juya.

Na san haka ne don na gwada na sha ƙasa. A shekarun farko na aikina a Jidda wani mai gida ya matsa mini in dasa masa harshuf a lambunsa, ni kuma ƙuruciya ta hana ni in ce masa ba zai yiwu ba. Na dasa gindi 20, na ba su taki da ruwa yadda ya kamata, suka tashi gwanin sha'awa, ganye fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, kowanne ya kai tsawon hannu, har mai gidan yana kawo baƙi su gani. Janairu ya wuce, Fabrairu ya wuce, ina leƙa tsakiyar kowane gindi da safe ina neman kara, babu ko alama. Da zafin Mayu ya sauka sai suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ruɓa ta kama saiwarsu saboda zafi da laima. Mai gidan bai ce mini komai ba sai "ba girin-girin ba, ta yi mai", domin ya zauna da Hausawa ya iya karin maganarmu, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Za ki iya jin wasu suna cewa akwai dabara, wato a saka ƙananan tsirran a wuri mai sanyi kamar firiji na kwana 10 don a yaudare su su ɗauka hunturu ya wuce. Dabarar gaskiya ce, kuma akwai nau'in da aka ƙirƙira a Kalifoniya ta Amurka mai suna Imperial Star wanda ɗan sanyi kaɗan ke isarsa ya yi toho a shekarar farko. Sai dai zafi mai tsanani bayan dashe yana warware abin da sanyin ya ƙulla, tsiron ya koma tara ganye kamar ba a yi ba. Ko ya daure ya fitar da toho a zafin Makka, tohon zai fito ƙarami, ya yi saurin buɗewa, ya yi tauri da zare kamar soson wanka. Ban ga dalilin da zai sa ki cika firijinki da tukwanen ƙasa saboda wannan ba.

A Ɗa'ifa kuwa ga yadda ɗanki zai yi. Ya yi lissafi da watannin miladiyya ko da taurari kamar yadda manoman ƙasar nan ke yi, tunda watannin hijira suna zagayawa. Idan tauraron Suhail ya fito a ƙarshen Agusta, zafi ya fara sassautawa da dare, sai ya zuba irin a ƙananan leda ko tire na reno a inuwa, zurfin santimita 1, ƙwaya biyu a kowane rami. Cikin mako biyu zuwa uku za su tsiro. Bayan mako shida zuwa takwas, wato cikin Oktoba, sai ya dasa su a gona, ta yadda sanyin Disamba zai same su sun riga sun yi ƙarfi. Ya bar tazarar mita 1 tsakanin gindi da gindi, tsakanin kunya da kunya kuma mita 1 da rabi, domin gindi guda idan ya ji daɗi yana kai ƙirjin mutum a tsayi, faɗinsa kuma ya fi tsayinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa ko da Makka tana da sanyi, gindi uku za su cinye miki farfajiya har ki rasa inda za ki shimfiɗa tabarma. Ya kuma sani cewa tsirran da aka samu daga iri ba sa fitowa bai ɗaya: wasu za su zo da ƙaya mai tsini a bakin ɓawo, wasu da ƙananan kai, don haka ya shuka fiye da abin da yake buƙata, ya tumɓuke marasa kyau bayan girbin farko.

Harshuf maciyi ne. Kowane rami yana son shebur biyu na takin tumaki da ya ruɓe sosai, a cuɗa shi da ƙasa har zurfin kamu biyu, domin saiwarsa tana nutsawa ƙwarai. Bayan dashe da wata guda a ƙara masa ɗan takin zamani mai sa ganye, a sake ƙarawa idan kara ya fara leƙowa. Ruwa kuma yana son sa a kai a kai, ƙasa ta kasance da danshi kullum ba tare da ta zama taɓo ba, kuma ƙishirwa a lokacin toho ita ce ke sa ɗaci da tauri. Bututun ɗigo, wanda ake kira tanƙiɗ a nan, shi ya fi dacewa, a kuma rufe gindin da busasshiyar ciyawa. Idan gonar tana da rijiya, to madalla. Idan kuwa da wayit, wato tankar ruwa, ake sayen ruwa, ya zauna ya yi lissafi kafin ya wuce gindi 10, domin zai shayar da su wata shida kafin ya ci ko ɗaya. Abin da ke taimakonsa shi ne ya fi wake da albasa da karas jure ruwa mai ɗan gishiri, ko da yake idan gishirin ya yi yawa za a yanka tohon a tarar cikinsa ya yi baƙi-baƙi.

Daga Fabrairu zuwa Afrilu ake girbi, kusan lokacin da masu gonakin wardi na Hada da Shafa ke shirin tsinkar nasu furen da asuba. Kowane kara yana fitar da babban kai guda a tsakiya, sannan ƙanana a rassa, jimilla kamar 6 zuwa 10 a gindi mai lafiya. Ana yanke shi ne idan ya kai girman dunƙulen hannu, ɓawonsa na manne da juna kamar an ɗaure, a haɗa da ɗan kara tsawon yatsa. Wanda ya nuna daidai yana da nauyi a hannu, kuma idan aka matsa shi yana yin 'yar ƙara kamar sabon takalmin fata. Da zarar ɓawon ƙasa ya fara buɗe baki, lokaci ya fara ƙurewa, kwana uku ko huɗu na zafi sun isa su lalata shi. Ina ba da shawarar a bar kai ɗaya ko biyu su buɗe don kallo kawai, domin furensa shuɗi ne mai ratsin shunayya, faɗinsa ya kai tafin hannu, kuma ƙudan zuma suna nutsewa a cikinsa har sai ƙafafunsu kaɗai ake gani. Babban abokin gabarsa shi ne darɓa, ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe da Larabawa ke kira mann, waɗanda ke taruwa a wuyan toho da ƙarƙashin ganye. Idan ya ga tururuwa na hawa da sauka a kara, to suna nan, kuma feshin ruwa mai ƙarfi da ɗan sabulu da sassafe yana maganinsu idan an fara da wuri. Idan gonar ta yi kusa da duwatsun Hada, sai ya ƙara da shinge mai ƙwari saboda birai, waɗanda ko ba su ci ba sai sun karya.

Bayan girbi tsiron yakan bushe ya yi kamar ya mutu. Sai a sare karan dab da ƙasa, a rage ruwa sosai a watannin zafi, idan Suhail ya sake fitowa a koma ba shi, sai 'ya'ya su tsiro daga gindin. A bar biyu ko uku masu ƙarfi, sauran a ɓantare su da ɗan saiwa a dasa a wani wuri, kuma waɗannan 'ya'yan su ne ke fitowa daidai da uwarsu. Gindi guda yana iya yin shekara huɗu ko biyar yana bayarwa.

Ko duk wannan ya cancanta? Ya danganta da bakinku. Fiye da rabin kan harshuf bola ake zubawa. Ana ɓare ɓawon waje, a yanke sama, a kankare gashin da ke tsakiya da cokali, sai a bar gindin nan mai kama da ƙaramin faranti, kuma dole a jefa shi nan take cikin ruwa mai lemun tsami, in ba haka ba ya yi baƙi, yatsun mai gyaran ma su yi baƙi. Misirawa da mutanen Sham suna cusa masa niƙaƙƙen nama su gasa, mutanen Maroko suna dafa shi da koren wake da nama, kuma na gwada shi a miyar taushe ya zauna lafiya. Yana da ɗan ɗaci, amma wanda ya saba da gauta da shuwaka ba zai ko lura ba. Akwai kuma wani sinadari a cikinsa da ke sa duk abin da aka sha bayansa ya yi zaƙi, har ki kurɓi ruwa ki ɗauka an saka sukari. Gaskiyar da zan faɗa miki ita ce gindin harshuf na Masar, gyararre daskararre, yana nan a manyan kantuna a Makka da Jidda, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da kuɗin ruwan da za a kashe. Wanda zai noma shi a Ɗa'ifa yana yi ne don ɗanɗanon sabon yanka, wanda daskararre bai taɓa kamo ƙafarsa ba, da kuma kyan tsiron kansa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Furen magariba kusan a komai kishiyar wannan ne. Daga nahiyar Amurka ya fito, ya shiga Turai a farkon ƙarni na 17, ya bazu a gefen hanyoyi da layin dogo da duk inda ƙasa ta lalace, domin shi yashi da tsakuwa da ƙasar da ba ta da taki su ne gidansa. Idan aka cika masa taki sai ya yi ganye ya rage fure, idan aka cika masa ruwa saiwarsa ta ruɓe. Abin da ake nema a wurinsa minti kaɗan ne a kowace rana, amma minti ne da ba a mantawa. Da rana za ki ga tohon a naɗe, dogo siriri kamar alƙalami. Idan rana ta faɗi, kusan lokacin da ladan ke kiran magariba, sai koren ɓawon da ya naɗe shi ya tsage ta gefe, ya dakata kaɗan, sannan ya fizge baya a lokaci guda, ganyen furen guda huɗu masu ruwan ɗorawa su warware a gaban idonki cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka. A tsakiyarsa akwai wani ɗan tsinke mai kai huɗu kamar alamar tarawa a lissafi, garin furen kuma idan kika taɓa shi yana bin yatsa da zare-zare kamar yanar gizo. Ƙamshinsa mai sauƙi ne, ya yi kusa da na lemun tsami, kuma shi ke kiran manyan malam-buɗe-littafi na dare, waɗanda ke tsayawa cak a iska suna zura dogon baki cikin furen. Kafin azahar ta gobe ya yanƙwane, wani kuma na sama da shi yana jiran yamma, haka za a yi ta yi makonni. Ga gidan da ake fitowa farfajiya shan shayi bayan magariba, da wuya a sami tsiron da ya fi shi sanin lokacin mutanen gida.

Yanzu ga sharaɗin. Ki sa jikarki ta duba sunan Latin da ke jikin takardar irin. Kalmar farko za ta kasance Oenothera, ta biyun ce ke da magana. Idan an rubuta biennis, wannan shi ne wanda aka fi sani, kuma shi ake matse mai daga irinsa. Ɗan shekara biyu ne: a shekarar farko yana kwanciya a ƙasa kamar faifai yana tara abinci a saiwa, sai ya sha sanyin hunturu sannan ya miƙe da kara mai kai mita 1 da rabi ya yi fure, ya zubar da iri ya mutu. Kin ga ke nan shi ma yana da irin lalurar harshuf, kuma sau da yawa a wuri kamar Makka zai zauna a faifansa har zafin Yuni, wanda ke haura digiri 40, ya ƙone shi. Idan shi ne, to ya bi harshuf zuwa Ɗa'ifa. Idan an rubuta speciosa, wannan gajere ne mai fure ruwan hoda, ɗan Tekzas da Meziko, wanda ake shukawa a garuruwan hamadar Arizona ta Amurka masu zafi irin namu, kuma zai yi miki fure a farfajiya daga ƙarshen sanyi, sai dai wasu nau'o'insa da safe suke buɗewa, ba da magariba ba. Idan kuwa drummondii ne, kin dace, domin shi ɗan bakin teku ne mai rarrafe a yashi, furensa babba ruwan ɗorawa, yana buɗewa da yamma, kuma ya riga ya zama ɗan gida a gaɓar Falasɗinu, inda zafi da iska mai gishiri ba sa damunsa.

Shukarsa ba ta da wuya. A Makka ki jira ƙarshen Oktoba ko Nuwamba. Ki sami tukunya mai zurfin santimita 30 zuwa 40, mai huda a ƙasa, ki cika ta da ƙasar shuka rabi, yashi rabi. Irin ƙanana ne ƙwarai, ba su kai ƙwayar riɗi ba, don haka ki gauraya su da ɗan yashi ki barbaɗa a sama, ki danna da tafin hannu, kada ki binne, domin sai sun ga haske suke tsirowa. Ki riƙa yayyafa ruwa har su fito cikin mako ɗaya zuwa uku, sannan ki rage su, ki bar tazarar kamu guda ko fiye. Ba sa son a tumɓuke su a sake musu wuri, saboda haka inda za su zauna nan za a shuka su. Bayan sun kama, sai saman ƙasa ya bushe har zurfin gaɓar yatsa biyu kafin ki ƙara ruwa. Ki ajiye tukunyar inda za ta sami hantsi, inuwar bango ta rufe ta bayan azahar, kuma ki ɗora ta bisa katako ko bulo, domin balaɗin farfajiya, wato tayil ɗin daɓe, a Makka yana dafa saiwa daga ƙasa. Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, wanda yawancin gidaje ke bari ya bi bango, ba shi da gishiri, kuma bokitin da zai tara a yini ya ishi tukwane da yawa.

Na ce tukunya da gangan. Laifin furen magariba shi ne ba ya sanin iyakarsa. Biennis guda yana zubar da iri dubbai daga 'yan kwanson da ke tsagewa gida huɗu idan sun bushe, kuma irin yana da tsawon rai na ban mamaki. A shekarar 1879 wani masanin tsirrai a jihar Mishigan ta Amurka, William Beal, ya binne kwalabe 20 cike da yashi da irin ciyayi iri-iri, aka riƙa tono ɗaya bayan wasu shekaru ana gwadawa, kuma irin wannan furen yana cikin 'yan ƙalilan da suka tsiro bayan shekara 80 a ƙasa. Speciosa kuwa ta ƙarƙashin ƙasa yake tafiya. Na taɓa dasa gindi biyar a bakin wata kunya a Ɗa'ifa don ado, kusa da bututun ɗigo, na manta da su. Kafin shekara ta zagayo sun bi layin danshi sun shiga cikin na'ana'a, wadda ita kanta ba ta barin kowa ya zauna, suka fi ƙarfinta. Duk guntun saiwar da na bari a ƙasa sai ya zama sabon tsiro, kuma sai da na yi shekara biyu ina tono da hannu kafin na rabu da su. Saboda haka ki gaya wa ɗanki, idan irin ya je Ɗa'ifa, ya ba shi gefen gona mai tsakuwa nesa da layin ruwa, ya kuma yanke karan kafin kwanson ya bushe. Kada ya haɗa shi kunya ɗaya da harshuf ko kusa, domin ruwan da takin da harshuf ke buƙata ko dai su ruɓar da furen, ko su haukata shi ya mamaye wurin.

Game da mai kuwa, Hajiya, abin da ake sayarwa a saidaliyya, wato kantin magani, cikin ƙwayoyi masu santsi daga irin biennis ake matso shi, kuma yana ɗauke da wani nau'in kitse da ake taƙaita sunansa da GLA, kimanin kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari. An daɗe ana tallarsa don ciwon nono kafin al'ada da kuma ƙaiƙayin fata da likitoci ke kira ikzima. Sai dai a shekarar 2002 hukumar magunguna ta Birtaniya ta janye lasisin magungunan da aka yi da shi don waɗannan cututtuka biyu, saboda ba a sami gamsasshiyar hujjar cewa yana aiki ba. Mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini, da mai farfaɗiya, kada su sha sai sun tambayi likita. Ko da yana da amfanin da ake faɗa, ba za ki same shi daga tukunyar farfajiya ba, domin irin da tsirrai goma za su ba ki bai fi 'yan cokula ba, kuma sai da injin matsa ake fitar da man. Abin da ake ci a jikin biennis tun da daɗewa shi ne saiwarsa ta shekarar farko, wadda Jamusawa kan dafa kamar karas, tana da ɗan yaji-yaji a maƙogwaro, amma wannan ma sai wanda ya tabbatar da nau'in da ke hannunsa.

Idan aka duba takardar aka tarar biennis ne, ƙunshin biyu duka suka tafi Ɗa'ifa, farfajiyarki ba za ta zauna haka ba. Ki aika mashtal mafi kusa a tambayo miki shabbul lail. Mutane da yawa suna ruɗa shi da furen magariba saboda shi ma da yamma yake buɗewa, daga la'asar sakaliya, amma ba danginsu ɗaya ba. Yana jure zafin Tihama, wato ƙasar kwari da Makka da Jidda ke ciki, yana yin fure ja da fari da ruwan ɗorawa, wani lokaci duka a gindi ɗaya, kuma yana da saiwa kamar dankali da ke sake tsirowa kowace shekara. Irinsa baƙaƙe ne masu kama da masoro, kuma suna da guba, don haka a riƙa share su idan akwai ƙananan jikoki masu kai komai baki.

Kafin lokacin shuka ya zo, ki saka ƙunshin biyu a kwalba mai murfi da ta bushe sarai, ki ajiye a ƙofar firiji, domin zafin ɗakin ajiya a Makka yana kashe iri cikin bazara guda. Na harshuf ya isa hannun ɗanki kafin ƙarshen Agusta, na furen kuma ya jira har Nuwamba.